Awon da Ba a Yi Masa Gyara

Shekara goma sha tara ina auna wa mutane kaya a titi na ɗari da sha shida, a unguwar Harlem ta birnin New York, kuma ban taɓa miƙa wa kowa ƙulli ban ɗora masa gyara ba. Kuka ce, busasshiyar kuɓewa ce, yaji ne, turaren wuta ne, da zarar sikeli ya nuna abin da aka biya sai hannuna ya koma cikin buhu da kansa ya ɗebo ɗan ƙari. Haka na taso na ga Inna tana yi a kasuwar ƙauyenmu, can gefen Damagaram. 'Yata da na haifa a nan takan ce wannan ba kasuwanci ba ne, sadaka ce. Ni kuwa nakan ce mata ta je ta buɗe nata shagon.

Harbi kuma na fara shi ne da girmana, ina da shekara arba'in da huɗu. Wata mai sayen turare a wurina, 'yar Zango ce daga Kumasi, aikin gadi take yi, ita ta ɗauke ni wata Asabar zuwa wani filin gasa a wajen gari. A can na ga wata tsohuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba, tana gudu daga wannan shinge zuwa wancan da ƙaramar bindiga a hannu, tana zubar da farantan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, agogo yana ƙirga mata. Ban yi barci da kyau ba sati guda. Neman lasisi ya ci mini fiye da shekara, takarda kan takarda, hoton yatsu, tambayoyi kamar za su ba ni 'yarsu. Da na samu, sai matan titinmu suka laƙaba mini Hajiya mai bindiga. Ko a jikina. Na ce wadda ta ga da sauƙi ta je ta nemo nata.

Yayana ne yake kai ni filin. Shi kaɗai ne ɗan'uwana a ƙasar nan, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Yana zaune a unguwar Jamaica, nan cikin birnin, yana jigilar mutane daga filin jirgi. Ba ya son harbin nan ko kaɗan, amma duk Asabar sai ya zo ƙofar gidana ya yi hon sau biyu, in sauko da akwatina a kulle, ya kai ni, ya zauna cikin mota yana sauraren wa'azi har in gama. Bai taɓa taka ƙafarsa ciki ba.

Shekara biyu muna haka, sai wuyan hannuna na dama ya fara ciwo. Kafin shago na yi shekaru ina kitso, sannan ga dakan turare, ga ɗaukar buhu. Harsashin da ake saya a kanti kuwa shuri gare shi kamar jakin da ba a saba da shi ba. In na yi harbin Asabar, ranar Lahadi ko buta ba na iya ɗagawa da wannan hannun. Likita ta murɗa shi nan, ta murɗa shi can, ta ce in ajiye bindiga. Na ce mata na gode, na fito, a raina ina cewa ai ba ke kika yi layin lasisi ba.

A ƙungiyarmu ta masu harbi akwai wani tsohon Bature mai farin gashin baki, wanda ke kula da ɗakin ɗurin harsashi. Shi ya ga ina ɗaure hannu da bandeji. Ya ce da yawa daga cikin masu gasa ba sa sayen harsashi, da kansu suke ɗurawa, kuma in mutum ya dace da albarushi zai iya samun harbi mai taushi wanda hannu zai ɗauka. Sai dai akwai iyaka. Ranar gasa alƙalai sukan ɗebi 'yan harsasai daga cikin naka su harba ta gaban wata na'ura mai auna gudu, in suka ga ba su kai ƙarfin da aka gindaya ba, to duk abin da ka ci ranar ya tashi a banza. Ke nan ba a so ya yi sanyi da yawa, ni kuma ba na so ya yi zafi da yawa. A tsakanin nan zan nemi wurin tsayawa.

A hanyar komawa gida na gaya wa Yaya. Muka yi ta tafiya har muka hau gada. Sannan ya kashe wa'azin, ya ce harsashin kanti ya haƙura da shi, don injin kamfani ne ya auna, amma ranar da na sa hannuna cikin albarushi, to in nemi wani direban. Na tambaye shi dalili, alhali na sani. Ya ce, "Auta, gidanmu albarushi bai karɓe mu ba. Kin san hannun Baba."

Na san hannun Baba mana. Mahaifinmu maharbi ne, da bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ta fashe a hannunsa a bakin gonar gyaɗa, ta tafi da yatsu uku na dama. Abin da aka gaya mana shi ne bututun ya tsufa, ya tsage. Daga baya Baba ya mayar da abin wasa. Yakan ɗaga hannayensa biyu ya ce yara su ƙirga, in suka tsaya a bakwai sai ya ce kura ce ta ari sauran, ba ta dawo da su ba tukuna. Mu yi ta dariya. Yaya ne kawai ba ya dariya, tashi yake yi ya bar wurin, kuma ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba.

Na ce masa bindigar Baba daban, tawa daban, wancan awon ƙaho ne, wannan sikeli ne da littafi. Ya ce wuta dai wuta ce. Na ce to shi ke nan, ya ajiye ni a ƙofar gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ƙaunarsa, kuma na san ba mugunta ba ce. Amma na gaji da mazan da ke tsorata a madadina.

Asabar ta gaba babu hon. Na kira wani direba ɗan Maraɗi da na sani, ya ce motarsa na gareji. Na kira wani ɗan Kano, ya ce zai kai iyali asibiti. Na uku, wani yaron kirki ɗan Tawa, kunya ta hana shi ƙarya, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, Alhaji ya yi mana magana a masallaci." Ashe Yaya duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tabɗi. Na tsaya a bakin titi na tsayar da wani ɗan Dominika wanda bai san Alhaji ba, bai san Baba ba, bai san kura ba, ya kai ni har ƙofa yana kiɗansa.

Kayan ɗuri duka a gidan ƙungiya suke zama, cikin akwatin da aka tanada, don dokar birnin nan ba ta wasa da albarushi, ni ma ba na wasa da ita. Tsohon ya zaunar da ni gaban benci ya nuna mini yadda harsashi yake: kwanson tagulla, ɗan ƙyastu a gindinsa, albarushi a ciki, dalma a baki. Sannan ya jera mini gwangwani uku. Ya ce na farko mai saurin ci ne, kaɗan ake sawa, yana gama ƙonewa nan take, shi ya sa yake tura dalma mai nauyi ba tare da ya doki hannu sosai ba. Na biyu matsakaici. Na uku kuma mai jinkiri ne, mai cika kwanso, da ƙara da walƙiya da shuri.

Yana ta bayani yana zagaye-zagaye, yana tsammanin ban gane ba. Na ce masa ya huta, sana'ata ke nan. Akwai turaren da in ka ɗora a garwashi fuu ɗaya zai yi ya gama, ɗaki ya ɗauka. Akwai wanda zai yi ta cin kansa a hankali har la'asar, ya bar maka toka. Duk mai haɗa turare ta san ba a yi wa na farko awon na biyu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to, haka ne.

Amma shawararsa ita ce in ɗauki mai cika kwanso, ko aƙalla matsakaicin. Dalilinsa mai kyau ne, ba zan ɓoye ba. Ya ce wanda ke cika kwanso, in mutum ya yi kuskure ya zuba sau biyu, zai tumbatsa ya zube a benci, ido ya gani. Mai saurin cin nan kuwa ɗan mitsitsi ne a can ƙasan kwanso, ko ka ninka shi ba lallai ka lura ba, kuma shi ba ya yafe ƙari ko kaɗan. Ya ce ya taɓa ganin bindigar da ta buɗe kamar gwangwanin kifi. Duk sabon shiga da ya koyar, da mai jinkiri ya fara.

Na ce zan gwada duka ukun, hannuna ya yanke hukunci. Wata biyu muka yi a kan haka. Kowane albarushi akwai littafin masu yin sa, ya faɗi inda ake farawa da inda ba a wucewa. Daga ƙasa ake farawa, a ɗura goma, a harba ta gaban na'ura, a rubuta, a duba kwanson ko ya nuna alamar wahala, sannan a ɗan matsa. Ni da ban gama firamare ba sai ga ni da littafin rubutu mai layi-layi, ina cika shi da lambobi. Mai jinkirin ya yi mini abin da na kanti ke yi, daren nan sai da 'yata ta shafa mini man zafi. Matsakaicin da dama-dama. Ranar da na harba mai saurin cin da dalma mai nauyi kuwa, sai na ji kamar an turo ni a hankali maimakon a mare ni. Bakin bindiga ya ɗaga kaɗan ya dawo inda yake. Na harba hamsin, na koma gida na tuƙa tuwo da wannan hannun.

Na gaya wa tsohon na zaɓa. Ya sake maimaita gargaɗinsa. Na ce masa shekara goma sha tara ina gaban sikeli, idona ba ya kuskuren awo, kuma ba zan yarda da injin zuba ba, kowane ɗaya da hannuna zan auna. Haka na riƙa yi. In ɗebo da ɗan cokali in zuba a farantin sikeli, in riƙa karkaɗawa har lamba ta tsaya daidai, in juye cikin kwanso. Aiki ne mai cin rai, amma girman kaina ya fi shi.

Babbar gasar ƙarshen shekara ta rage kwana takwas, ranar wata Asabar bayan azahar, ina ɗakin ɗuri ni kaɗai, tsohon ya fita shan kofi. Na riga na gama fiye da rabin abin da nake buƙata, suna jere cikin akwati kamar ƙwai. Sai aka buɗe ƙofa. Yaya ne, da hularsa da rigar sanyi a kan jallabiya. Wata uku rabon da mu yi magana in ban da gaisuwar suna da ta'aziyya. Ashe 'yata ce ta gaya masa ranar gasar.

Na gaishe shi, ya amsa a tsaye. Na ce ga kujera, ya ce ba zama ya kawo shi ba. Ya fara da cewa mutane suna magana. Na ce mutane da bakinsu aka haife su. Ya ce in tuna ni uwa ce. Na ce ban manta ba, ni na yi naƙudar. Ya ce zai kira Inna a waya. Na ce ya kira, in ya gama ya ba ni ita in gaya mata yadda ya bi direbobin New York kaf yana hana su ɗaukar ƙanwarsa kamar mai kuturta. Duk wannan hannuna bai tsaya ba. Da gangan na ƙi tsayawa, ina so ya gani da idonsa cewa na iya. Ina ɗiba, ina aunawa, ina juyewa, ina ɗora dalma, ina jan hannun abin matsewa, ina jefawa cikin akwati, bakina kuma yana ta aiki.

Ban ankara ba sai na ji ya damƙe wuyan hannuna, daidai inda yake ciwo. Har na ɗaga murya zan ce ya sake ni, sai na ga fuskarsa. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari haka ba. A hankali ya ce, "Kin ƙara."

Na ce ban ƙara komai ba. Ya ce yana kallo, lamba ta tsaya, na ɗauke farantin daga kan sikeli, sannan cokalin ya koma ya ɗora wani a kai. Na ce ƙarya idonsa ya yi masa. Farantin yana hannuna na hagu, ban juye ba tukuna. Don in kunyata shi na mayar da shi kan sikeli. Lambar da ta fito ta wuce inda littafi ya ce kada a wuce, ta wuce da nisa.

Gyara ce. Hannuna ya yi abin da yake yi sau ɗari a wuni a shago, bai nemi izinina ba. Sabo turken wawa, in ji mutane, kuma ranar ni ce wawan. Na dubi akwatin. Tun shigowarsa na jefa wajen ashirin a ciki, sun gauraya da na da, duk kamarsu ɗaya. Wanne ne mai gyara, wanne ne babu? Ko kuma tun kafin ya zo hannun ya taɓa yi mini haka ban sani ba? Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba a filin nan.

Sai Yaya ya zauna a kujerar da ya ƙi. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce bututun bindigar Baba bai tsage ba, lafiyarsa ƙalau. Ya ce a damina ta shekarar wani gadu ya addabi gonar gyaɗa, sau biyu Baba yana harbinsa yana tashi ya gudu. Ranar da abin ya faru Baba ya ce masa ya ɗura bindiga kafin ya idar da salla. Awo ƙaho ɗaya ne, ya sani, ya sha yi. Ya zuba ƙaho ɗaya. Sannan ya tuna gadun nan da yadda Baba ke dawowa da ɓacin rai, sai ya ƙara rabi, don wannan karon kada ya tashi.

"Ni na yi masa gyara," in ji shi. "Ina da shekara ashirin, ba yaro ba ne ni. Kuma ya sani. Da ana ɗaure masa hannun ya dube ni, sannan ya ce wa mutane bututu ne ya tsufa. Har ya rasu bai taɓa ce mini komai ba."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da nake tsoro tun ina ƙarama, mai furfura a gemu, yana murza hula kamar wanda aka kama da satar mangwaro. Tausayinsa ya kama ni. Amma wallahi haushi ma ya zo tare, kuma haushin ne ya riga fita. Na ce, "Ashe shekara talatin da biyar kana ɗora wa albarushi laifi, kana cewa bai karɓi gidanmu ba. Ba albarushi ba ne, Yaya. Hannunmu ne. Naka da nawa, hannun Inna ne, ba ya iya ganin awo ya tsaya."

Ya ce to tunda na gani da idona, sai in bari. Nan ne ya yi kuskure, don ya ɗauka tsoron da na ji zai kai ni inda nasa ya kai shi. Na ce masa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, na yarda, amma ni ba zan ƙare rayuwata ina gudun tsumma ba. Na gane ciwon, zan yi maganinsa. In zai taimaka ya taimaka, in ba zai iya ba ga ƙofa nan.

Tsohon ya dawo ya same mu haka. Na gaya masa abin da ya faru ban rage komai ba, duk da kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Ya ce duk akwatin sai an warware, babu wanda za a harba, ko ɗaya. Sannan ya ce ga shawara, in koma mai cika kwanso. Na ce a'a. Ba a fafe gora ranar tafiya, kwana takwas ba za su isa in gwada sabon albarushi ba, kuma wancan zai kashe mini hannu kafin in kai rabin gasa. Albarushin bai yi mini laifi ba, ni na yi masa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce to amma ba zan ƙara ɗuri ni kaɗai a ɗakinsa ba, sai da ido na biyu.

Akwai wata guduma ta roba mai rami a ciki, ana sa harsashi a buga a kan katako har dalmar ta fito, albarushin ya zube. Na fara bugawa. Kafin in yi goma hannuna ya fara zogi, ina cije leɓe don kada su gani. Yaya ya tashi ya karɓi gudumar. Mutumin da ya rantse ba zai taɓa shiga ɗakin nan ba, shi ya warware mini akwati guda, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta yi sanyi. Muna juye kowanne a sikeli don mu sani. Huɗu muka samu masu gyara. Uku daga cikinsu watakila na lokacin faɗanmu ne. Na huɗun kuwa a can ƙasan akwati yake, cikin waɗanda na ɗura tun makon da ya wuce, ranar da babu kowa a ɗakin sai ni.

Wannan na huɗun shi ya hana ni sakewa. Na kafa wa kaina doka. Cokali ba ya komawa gwangwani sai farantin ya koma kan sikeli babu komai a cikinsa. Ba a magana a bakin benci. Kowane awo sai mutum biyu sun ga lamba, kuma kafin a ɗora dalma sai an haska tocila cikin kwanson. Ido na biyun kuwa, ban roƙe shi ba. Ranar Talata da hantsi na ji hon sau biyu a ƙofar gida.

Kwana uku muka yi muna zuwa. Yana zaune a damana da tabaransa na karatu, in lamba ta tsaya ya ce "to", in juye, ya haska, ya sake cewa "to". Ban da wannan kalmar babu abin da ya shiga tsakaninmu. A shago kuma na ɗaure hannuna, sati guda cur ban yi wa kowa gyara ba, don in koya masa tsayawa. Abin ya zama abin magana a titi. Wata tsohuwa da ta shekara goma tana sayen daddawa a wurina ta riƙe ƙullinta tana jira, da ta ga babu ƙari sai ta ce ashe Amurka ta gama cinye ni. Na ce Mama ki yi haƙuri, magani nake sha. Na fi jin zafin wannan fiye da ciwon hannun.

Ranar gasa aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Tsohon ya riga ya gaya mini sanyi yakan rage wa wani albarushin gudu, ni kuma a lokacin zafi na yi gwajina, ban bar rata mai yawa ba. Da alƙali ya ɗebi harsasaina ya nufi na'ura, na bi shi da ido. Can wata murya a raina tana cewa da kin ɗan ƙara. Na ce mata ta yi mini shiru. Ya harba, ya duba, ya rubuta, ya ce na wuce, da kyar amma na wuce.

Yaya bai zauna a mota ba ranar. Ya shigo, aka ba shi abin toshe kunne ya ɗora a kan hula, ya tsaya can baya wajen shinge. Da aka kira ni, na waiga sau ɗaya, na ga ya juya wa filin baya, yana kallon itatuwa, leɓɓansa suna motsi. Agogo ya yi ƙara, na zaro. Harbin farko ya fita da taushinsa, farantin ya faɗi, kuma daga nan ban ƙara tuna kowa ba. Na yi gudu, na durƙusa, na kuskure biyu, na rama. Wuni guda muna yi, shinge bayan shinge, hannuna bai ce mini komai ba. Ban zo ta ɗaya ba, ban zo ta goma ba, ina can tsakiyar takarda, sama da maza da yawa da suka girme ni a harkar. Ni dai na san harsashina ne, awona ne, zaɓina ne.

Da na kulle bindiga a akwati na nufo shi, ina shirin in ce masa to ka gani, don na tanadi maganar tun safe. Bai bar ni na faɗa ba. Ya kamo hannuna na dama, ya cire mini safar, ya buɗe tafin. Ya fara daga ƙaramin yatsa yana taɓa su ɗaya-ɗaya, yana ƙirgawa a fili kamar yadda muke yi wa Baba. Ya gama biyar, ya kamo na hagu. Da ya kai bakwai sai muryarsa ta tsaya. Mutane suna wucewa da jakunkunansu suna kallonmu, ni kuwa ban janye hannun ba.

Na ce, "Ci gaba, Yaya. Akwai saura."

Ya ce takwas. Ya ce tara. Ya ce goma, ya riƙe babban yatsan bai sake shi ba, hawaye suna gangarowa cikin gemunsa.